Motoci Biyu a Gaya: Yadda Takunkumin 2023 Ya Ci Wa Wani Falken Albasa Kaya da Jari

Kafin Yulin 2023

Mutumin falke ne na albasa, mazaunin wani ƙauye kusa da Galmi a jihar Tawa, Jamhuriyar Nijar. Za mu kira shi Alhaji kawai, tun da haka kowa ke kiransa, daga manoman da ke ba shi kaya har karen motar da ke ɗaure tamfol. Gadon sana'ar ya yi. Ba shi da motar kansa, haya yake yi, amma idan kasuwa ta buɗe ba ya rasa tura mota ɗaya ko biyu zuwa Gana a wata.

Galmi na kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. Albasarta, wadda takardu ke kira Violet de Galmi, an san ta daga Abijan har Kwatano. Ana yafa iri bayan damina, a dasa da sanyi, a cire a Maris da Afrilu. Lokacin cira kaya na yin yawa, farashi ya faɗi warwas. Mai ɗan ƙarfi sai ya saya a lokacin ya zuba a rudu, wato bukkar kara da ciyawa mai gadon itace a ƙasa don iska ta riƙa ratsa kayan, ya zauna jira. Daga damina zuwa ƙarshen shekara albasa kan yi ƙaranci a kasuwannin bakin teku, kuɗinta ya tashi. Amma kowane mako a rudu wasu na ruɓewa, wasu na tsiro, sauran na rage nauyi. Wanda ya san ranar da zai buɗe rudu shi ne ɗan kasuwa.

Kuɗin hannu kaɗan ne ke yawo a harkar. Alhaji kan ba manomi wani abu, ragowar sai mota ta dawo. A Akara yana da mai gida, Bahaushe haifaffen zango, wanda ke sauke kaya a kasuwar Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021. Mai gidan ne ke raba wa mata 'yan sari buhuna bashi, ya bi kuɗi, ya cire la'adarsa, ya aiko da saura. Tsarin ya girmi iyakokin da ke kan taswira, tun zamanin da ayarin fatake ke zuwa Gwanja sayen goro haka ake yi.

Hanyar gabashin Burkina Faso, ta Kantchari da Fada N'Gourma, ta riga ta zama ta kasada saboda 'yan bindiga. Don haka motocin da Alhaji ke haya kan bi Doso zuwa Gaya, su haye gadar kogin Kwara su shiga Malanbil a ƙasar Benin, su ratsa Togo, su faɗa Gana ta Aflao.

A farkon 2023 mai gidan da wasu abokansa biyu na Kumasi suka yarda su zuba jari a ƙauyen: sito na zamani mai fankoki, da sikeli, da rumfar tantance kaya. Fili na Alhaji, kuɗi nasu. Aka yi takardu. Kashin farko na kuɗin ya shigo ta banki, aka haƙa tushe, aka buga bulo. Kashi na biyu, wanda ya fi yawa, an tsayar za a turo shi a Agusta.

26 ga Yuli zuwa ƙarshen Agusta 2023

Ran 26 ga Yuli dogarawan fadar shugaban ƙasa suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, a daren kuma sojoji suka sanar da rufe iyakoki. Ran 28 Janar Abdourahamane Tiani ya bayyana a matsayin shugaban majalisar mulkin soja. Ran 30 shugabannin ECOWAS, wadda a Nijar aka fi sani da CEDEAO, suka zauna a Abuja ƙarƙashin Bola Tinubu suka yanke hukunci: a rufe iyakokin ƙasa da na sama, a dakatar da duk wata hulɗar ciniki da ta kuɗi da Nijar, a riƙe kadarorin gwamnatinta da ke bankunan yankin, sannan aka ba sojojin mako guda su mayar da Bazoum. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa, UEMOA, ta bi sahu. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga can take zuwa. Sojojin sun sake buɗe iyaka da Aljeriya, Libiya, Cadi, Mali da Burkina Faso. Ta Benin da ta Najeriya, waɗanda su ne hancin numfashin kasuwancin ƙasar, suka ci gaba da zama a garƙame.

Alhaji na da motoci biyu a hanya. Sun isa Gaya suka tarar da layi. A kwanakin farko babu wanda ya tada hankali sosai. An ga juyin mulki a 1996, an gani a 1999, an gani a 2010, kowane lokaci iyaka kan buɗe bayan 'yan kwanaki. Alhaji ya ce wa direbobin su tsaya a layi kada su rasa wurinsu, ya aika musu kuɗin abinci.

Agusta tsakiyar damina ce, kuma Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwa a duk ƙasar. Albasa a buhun algarara, an cika shi har an ɗinka masa hula, an jibga wani kan wani, an lulluɓe da tamfol. Idan ka buɗe tamfol ruwa ya jiƙa kaya, idan ka rufe zafi ya dafa su. A mako na biyu babban direban ya kira da asuba. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, mota ta fara zubar da ruwa." Ya ɗauki hoto ya turo ta WhatsApp: wani baƙin ruwa mai yauƙi na ɗiga daga bayan mota, ƙudaje sun yi baƙi ƙirin a ƙasa, karen mota ya ɗaure hanci da rawani. Duk wanda ya taɓa jin warin ruɓaɓɓiyar albasa ya san ba a kwana kusa da shi.

Ran 10 ga Agusta ECOWAS ta ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana. Sojojin Nijar suka toshe gadar da kwantenoni da manyan motoci. Daga nan kowa ya gane maganar ta wuce ta kwanaki. Alhaji ya sa aka sauke kayan aka tsince. Kusan rabi aka zubar. Ragowar aka sayar a Gaya da Doso a farashin da bai kai kuɗin da aka saye su a gona ba, domin kowa na neman rabuwa da nasa a lokaci ɗaya. Ko matan da ke yin gabu ba su ɗauka da yawa ba. Ina ranar shanya a Agusta? A daidai wannan lokaci, a Akara, mai gidan na kallon buhu na tsada irin wadda bai saba gani ba, rumfarsa kuma babu kaya.

Satumba zuwa Nuwamba 2023: abubuwan da aka gwada

Sauran kayan na rudu, bashin manoma na wuyansa, ga mai mota na neman kuɗin kwanakin da motarsa ta yi a tsaye.

Abu na farko da ya zo masa shi ne Najeriya. Daga Ƙonni zuwa Illela ɗan taƙi ne, kuma kowa ya san rufe ƙofar duwan ba ya hana babur bin daji. Ya gwada, buhu biyu-biyu a bayan babur, ta hanyoyin gona. Lissafi bai fita ba. Sakkwato da Kabi da Kano manoman albasa ne su ma, garin Aliero kaɗai ya ishe misali, saboda haka kai albasa can kamar kai goro Gwanja ne. Ga kuɗin babur, ga abin da ake bari a kowane shinge. Sannan ga naira: tun da gwamnatin Tinubu ta sake ta a Yunin 2023 take gangarowa, sefa kuwa a ɗaure take da yuro a kan 655.957. In ya sayar da naira yau, kafin ya kai wurin ɗan canji jibi wani yanki na ribar ya narke. Bayan 'yan makonni ya bari.

Na biyu, banki. Ya je neman rancen da zai rage bashin manoma. Ya tarar bankunan kansu na fama da ƙarancin tsabar kuɗi, an ƙayyade abin da mutum zai cira daga asusunsa, mutane na layi tun safe. Wanda ke ƙoƙarin ba mai ajiya kuɗinsa ba zai ba mai albasa rance ba. Gwamnatin ma a Oktoba ta zaftare kasafin kuɗin 2023 da kashi 40 cikin 100, daga sefa tiriliyan 3.29 zuwa tiriliyan 1.98.

Na uku, hanyar Burkina ta arewa: Yamai, Tera, Dori, Kaya, Wagadugu, sannan a gangara Gana ta Paga. Tun cikin Agusta aka fara shigo da kaya ta nan, motoci ɗaruruwa a ayari ɗaya, sojoji na rakiya gaba da baya. Ga mai shinkafa ko siminti hanya ce. Matsalar ita ce ayari ba ya tashi sai ya cika kuma sojoji sun shirya, wani lokaci a yi makonni ana jira. Alhaji ya tura mota ɗaya a Oktoba. Ta isa, amma bayan doguwar tsayuwa, kuɗin haya ya yi sama saboda direbobi na sayar da ransu ne, kuma asarar kaya ta cinye tsadar da aka samu a Akara. Bai ci ba, bai faɗi ba. An ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, to wannan ga nisa ga rashin lafiyar.

Na huɗu shi ne kogi. Tun makonnin farko masu kwale-kwale a Gaya suka ga kasuwa ta buɗe musu. Mota ta sauke a wannan gaɓa, 'yan dako su loda a jirgi, a haye, wasu 'yan dako su sauke, wata mota ta ɗauka a Malanbil. Kowane ɗauki da sauki na ƙuje albasa, kowane hannu kuma sai an sa masa wani abu. Gwajin farko bai yi kyau ba, domin kaya sun haye sun rasa motar da za ta ɗauke su, suka kwana biyu a bakin ruwa. A karo na biyu mai gidan na Akara ya haɗa shi da wani ɗan'uwansa da ke zaune a Malanbil. Aka sauya tsari: kaya ba za su bar Galmi ba sai an tabbatar mota na tsaye a ɗaya gaɓar, kuma ba za a tura cikakkiyar tirela ba, sai kaɗan-kaɗan. Wannan ya yi aiki.

Saura yadda kuɗi za su dawo, tun da banki a rufe yake ga duk abin da ya shafi Nijar. Nan ma tsohuwar dabara aka koma wa. Akwai 'yan kasuwa a Ƙonni da ke sayo katako da robobi daga Gana, su ma sun rasa yadda za su biya. Sai su ba Alhaji sefa a hannu a gida, mai gidansa ya biya masu kayansu sidi, kuɗin Gana, a Kumasi daga cikin kuɗin albasa. Ko dala ba ta ƙetare iyaka ba. Littafi biyu ne da waya, da kuma sanin cewa wanda ya ci amana sau ɗaya ya gama kasuwanci daga Tawa har bakin teku.

Jarin da ya maƙale

Kashi na biyu na kuɗin sito bai zo a Agusta ba. Bankin abokan nasa a Gana ya ƙi aikawa, kuma yana da hujja, tun da Gana na cikin ƙasashen da suka sa hannu a takunkumin. Sun yi tunanin bi ta hanyar musayar da ake biyan kuɗin albasa, suka fasa. Kuɗin ciniki na juyawa cikin makonni, in an samu matsala asarar mota ɗaya ce. Kuɗin gini kuwa binne su ake yi na shekaru, kuma duk wanda ya shigo da jari ba ta banki ba, ba shi da takardar da zai nuna ranar da zai so fitar da ribarsa ko ya kai ƙara.

Ko da kuɗin sun zo, an tsara siton ne a kan wutar lantarki, wutar kuma ta zama sai an gani. Fankar da ba ta juyawa ba ta fi rudu da komai ba, sai tsada.

Abin da ya same su a ƙaramin mataki yana faruwa a babba. Bankin Duniya ya dakatar da fitar da kuɗi, Tarayyar Turai ta tsayar da tallafin kasafi, kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin ya dakatar da aikin madatsar Kandaji. A ƙarshen Oktoba Amurka ta sanar da cire Nijar daga tsarin rangwamen ciniki na AGOA daga 1 ga Janairu 2024. Gwamnati ta kasa biyan basussukan da ta ci a kasuwar kuɗi ta yankin, tun da asusunta a riƙe yake. Abokan Alhaji ba masu karanta rahoton bankuna ba ne, amma suna jin rediyo. Su ma kuma ba a kan tudu suke ba: Gana ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje a Disamban 2022, ta karɓi shirin dalar Amurka biliyan 3 na asusun IMF a Mayun 2023, sidi na ta rage daraja. Kuɗin da suka ware a Janairu ba za su sayi buhunan simintin da aka lissafa ba a Disamba.

Disamba 2023 zuwa Maris 2024

Mutane da yawa sun sa rai a kotun ECOWAS, inda gwamnatin sojan ta nemi a ɗage takunkumin. A farkon Disamba kotun ta ƙi. A ƙarshen watan tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta janye haramcin da ta sa wa kayan Nijar, amma gada na nan a toshe, saboda haka bai canja wa Alhaji komai ba. Ran 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ƙungiyar. Ran 24 ga Fabrairu, a Abuja, ECOWAS ta ɗage takunkumin, ba tare da an saki Bazoum ba. Ran 13 ga Maris Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka da mayar da wuta, Nijar kuma ta buɗe nata ɓangaren ran 22 ga Maris.

Alhaji ya shiga cirar 2024 da bashi a kansa. Ya tara manoman da ke binsa a ƙofar gidan mai gari, ya karanta wa kowa abin da yake bi, ya roƙi a raba biyan kashi-kashi. Wasu suka yarda, wasu suka koma wa wani mai saye. Ya sayar da shanu biyu da babur. A wannan shekarar bai cika rudu ba: abin da ya saya ya ragu sosai, kuma mafi yawa ya sayar da su nan Galmi ga masu zuwa da motarsu.

Afrilu 2024 zuwa 2025

Takunkumi ya tafi, gadar Gaya ba ta buɗe ba. Wannan karon Yamai ce ta ƙi. Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya ce dalilin tsaro ne, yana zargin akwai sansanonin Faransa a Benin, zargin da Kwatano ta musanta. A Mayu Benin ta rama ta hanyar hana lodin ɗanyen man Nijar a tashar Seme, ƙarshen bututun da ya taso daga Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000. Sai da Sin ta shiga tsakani jirgin farko ya yi lodi. A Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar, Nijar ta rufe famfo. Idan man fetur, da kamfanin mai na CNPC da gwamnatin Sin a bayansa, na shan wannan wahala a hanyar Benin, me buhun albasa zai ce?

A watan Yunin ne kuma gwamnatin Nijar ta ƙwace lasisin haƙar yuraniyam na Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa, a Yuli ta karɓe na Madaouela daga GoviEx na Kanada. A Yunin 2025 ta mayar da kamfanin haƙar yuraniyam na Somaïr mallakar ƙasa. Da yawa daga 'yan Nijar na ganin gyara ne na cutar da aka daɗe ana yi musu, Alhaji ma haka yake gani, kuma yakan faɗa a majalisa da ƙarfi. Abokansa na Kumasi ba su yi masa gardama ba. Abin da suka tambaya daban ne: in an kammala sito, ta wace hanya kaya za su fita, kuma da wace doka? Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da barin kaya da mutanen ƙasashen uku su wuce kamar da, har zuwa wani lokaci. Wannan "har zuwa wani lokaci" ya ishi mai mota ɗaya. Bai ishi mai gini ba.

Biyu daga cikin ukun suka janye, suka yafe rabonsu na kashin farko. Mai gidan na Akara ya tsaya, amma da sabon sharaɗi: ba zai sa kuɗi a bulo ba, zai riƙa ba Alhaji kuɗin sayen kaya a lokacin cira, a cire daga ciniki. Da ɗan abin da ya samu, Alhaji ya yi amfani da wani sashe na bulon ya ɗaga ƙaramin ɗakin ajiya mai tagogi ta kowane ɓangare da gadaje hawa-hawa, wanda ba ya bukatar wuta. Ya gama biyan manoma bayan cirar 2025.

Me ya yi aiki, me bai yi ba

Asarar da ta fi girma ta faru ne a makonni biyun farko, kuma jira ne ya jawo ta. Alhaji ya auna juyin mulkin 2023 da waɗanda suka gabata, bai lissafa cewa wannan karon maƙwabta ne suka rufe ƙofa ba. Da ya juyo da motocin a kwana na uku ya sayar a Yamai, da ya yi asarar riba kawai. Ban ga laifinsa sosai ba, domin gomman 'yan kasuwa ne suka yi irin lissafinsa a layin nan.

Najeriya ta gaza ne don kasuwa ce da ba ta bukatar kayansa, da kuɗin da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ayarin Burkina an yi shi ne don kayan da ke iya jira. Banki da kotu kuwa ba su da abin ba shi tun farko. Abin da ya fid da shi abubuwa ne da takunkumin ba shi da hannun kama su: mutum amintacce a kowace gaɓar kogi, kaya kaɗan-kaɗan, da biyan da ba ya ƙetare iyaka. Amma kada a ɗauka riba ce. Tsarin ya fi tsada, kuma manomi a Galmi da mai miya a Akara ne suka raba kuɗin kwale-kwalen a tsakaninsu.

A ganina takunkumin bai cim ma abin da aka sa shi dominsa ba: an ɗage shi bayan kusan wata bakwai, sojoji na kan mulki, Bazoum na tsare, ƙungiyar kuma ta rasa ƙasashe uku. Su ma mahukuntan Yamai suna da nasu kason, domin tun Fabrairun 2024 mabuɗin gadar a hannunsu yake. Cinikin Alhaji ya dawo, ko da bai kai na da ba. Jarin ne bai dawo ba. Tushen babban siton na nan a bayan gidansa, ƙarafan ginshiƙai sun yi tsatsa, yara sun mayar da ramin wurin wasan langa, ragowar bulon kuma maƙwabcinsa na taya su zai ƙara wa ɗansa ɗaki.